Nazarin lamari: yarinya mai rarrafe da banɗakin gidansu, daga wata 9 zuwa wata 26

Yadda gidan yake

Gidan na mutum huɗu ne: miji da mata, ɗansu namiji mai shekara 5, da ƙanwarsa, wadda a kanta aka yi wannan nazari. Uwar yaran ƙanwata ce, don haka wasu abubuwan da idona na gani, wasu kuma daga bakinta ko bakin mijinta na ji. Ba zan kama sunan kowa ba.

Banɗaki ɗaya ne a gidan, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1.8, ƙofarsa tana kallon falo. Daga inda ake yi wa yarinyar shimfiɗa zuwa bakin ƙofar taku 7 ne na babba. A ciki akwai masai na zama mai murfi, da shawa, da wurin wanke hannu mai 'yar kabad a ƙarƙashinsa, da bahon roba da ake yi mata wanka. Ƙasan tayil ne. Akwai hitar ruwa a jikin bango, famfon kuma mai hannu ɗaya ne, hagu zafi, dama sanyi.

Ƙofar ta katako ce, laima ta kumbura ta. Sai an sa mata kafaɗa take shiga. In an ja ta kawai, tana tsayawa da 'yar kafa kamar faɗin yatsa biyu. Famfon gidan yakan ɗauke wani lokaci, shi ya sa kullum akwai bokiti mai cin lita 20 a lungun da ke tsakanin masai da bango, ba murfi. A cikin kabad ana ajiye bilic, maganin wanke masai, garin sabulu da reza. Magungunan sha suna kan wata kanta a sama da wurin wanke hannu, santimita 130 daga ƙasa.

Yayan yarinyar a wani gida ya yi nasa rarrafen, inda banɗakin yake can nesa da wurin zama. Iyayen suna ganin sun riga sun san raino, amma wannan matsalar ba su taɓa haɗuwa da ita ba.

Wata 9: farkon lamarin

Sati biyu da fara rarrafe, uwar ta fito daga ɗaki rungume da kayan shanya ta tarar shimfiɗa ba kowa. A banɗaki ta same ta, zaune dirshan a kan tayil, ta janyo burushin wanke masai tana tsotsar mariƙinsa. Aka wanke mata baki da hannu, aka yi dariya. Da uban ya dawo aka ba shi labari, ya ce to a riƙa rufe ƙofar.

Cikin sati uku da suka biyo baya, sau biyar aka tsinto ta a can, bisa ƙirgen uwar. Ga mai wata 9 babu inda ya kai banɗaki daɗi a gidan: ga sanyin tayil, ga ɗigar ruwa, in ta yi ihu bango ya amsa mata, kuma tana ganin kowa yana shiga yana fita. A wannan lokacin ne kuma yaro yake koyon tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni, duk abin da ya tsinta kuwa baki zai kai.

Wata 10 zuwa 11: matakan farko

Dokar rufe ƙofa ita ce matakin farko. Manya sun kiyaye ta, in ban da ranar da aka yi gaggawa. Yaron ne ya kasa. Ƙarfinsa bai kai ya danna kumburarriyar ƙofa ba, sai ya ja ta ya wuce da gudu. In an yi masa faɗa ya ce, "Umma, wallahi na rufe fa!" Kuma har ga zuciyarsa ya rufe ɗin.

Sai tsawa. Duk sanda yarinyar ta nufi ƙofar a ce mata "Kul!" Ta gane kalmar sarai. Takan tsaya, ta waigo, ta washe haƙoranta biyu, ta ci gaba da tafiyarta. In ba wanda zai ce kul ɗin kuwa, ko tsayawar ba ta yi.

Daga nan aka sayo kaya: makullan roba guda biyu masu gam na ƙofar kabad, makullin murfin masai, da tabarmar roba mai hana santsi. Makullan kabad kwana 12 suka yi ɗaya ya ɓalle, ɗayan ya biyo shi bayan kwana biyu. An manna su ne a kan katako mai danshi, kuma ba a bar gam ɗin ya kwana ya kama ba kamar yadda takardarsu ta ce, ga tururin shawa safe da yamma. Makullin masai shi ya kama da kyau, har ya yi yawa: yaron ya kasa buɗe shi cikin magagin barci, sau biyu yana jiƙa wando. Aka ce a riƙa barinsa a buɗe da dare a kulle da safe. Kwana uku aka yi ana tunawa. Tabarmar roba ta yi aikinta, ba wanda ya sake damuwa da ita.

Duk wannan hidima, bokitin bai shiga lissafin kowa ba. Hankali yana kan ƙazanta da guba, shi kuwa bokiti ruwa ne mai tsabta a ciki.

Wata 12: ranar bokiti

A lokacin ta yi wajen wata ɗaya tana dafa abu tana miƙewa. Nauyinta kilo 9.5, tsayinta santimita 74. Tsayin bokitin santimita 37, wato bakinsa daidai cikinta.

Ranar Asabar ce da hantsi, iyayen duka suna gida. Uwar za ta shiga kicin, ta ce wa mijin, "Ga ta nan wurinka." Shi yana waya, ya ɗaga mata hannu. Ita ta ɗauka ya amsa ne, shi kuwa daga baya ya ce nufinsa ta dakata ya gama. Yaron ya shiga banɗaki ya fito a guje zuwa wasansa.

Uban ya ce shirun ne ya ja hankalinsa. Tana ta buga wani cokali a ƙasa, sai ya lura ƙarar ta ɗauke. Ya waiga, ba ta kan shimfiɗa, ƙofar banɗaki a wangale. Da ya leƙa, tafin ƙafafunta ya fara gani, a sama. Kanta da kafaɗa ɗaya suna cikin bokitin, hannu ɗaya ya lanƙwashe a ƙarƙashinta. Ba kuka, ba motsin ruwa, ba abin da kunne zai ji daga falo. Ya fizgo ta. Jikinta ya saki na 'yan sakan, leɓɓanta sun yi duhu, sannan ta sarƙe da tari, ta amayo ruwa, ta tsala kuka. A cikin bokitin ga wani ɗan kwale-kwalen roba na yayanta yana yawo. Shi ta miƙa hannu za ta ɗauko.

Ruwan ciki bai fi santimita 12 ba, don an yi amfani da sauran da safe. A ƙiyasin uban, daga barinta shimfiɗa zuwa ɗaukarta bai kai minti 2 ba. Zamanta a cikin ruwan ƙila rabin minti.

Yadda abin yake faruwa sananne ne ga masu aikin lafiyar yara. Kan ƙaramin yaro babba ne kuma mai nauyi in aka gwada da sauran jikinsa. In ya dafa bakin bokiti ya sunkuya, nauyin kan ne yake rinjayarsa, ƙafafu su ɗaga. Hannuwansa ba su da ƙarfin turo shi waje, bokitin kuma ba ya kifewa, musamman wannan da ke maƙale a lungu. Ruwa mai zurfin santimita 5 ya isa ya rufe hanci da baki. Wanda hancinsa da bakinsa ke cikin ruwa kuwa ba shi da hanyar yin kuka. Cikin kamar minti 2 yaro yana iya sumewa, daga minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa saboda rashin iska. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Wannan ranar, a asibiti

Ƙanwata ta kira ni muryarta tana rawa. "Yaya, ta farfaɗo, tana shan nono ma. Sai mun je asibiti?" Na ce su tafi. Wata maƙwabciya da ta jiyo ihu ta shigo tana cewa a kifa yarinyar a matse mata ciki ruwan ya fito. Ba a yi ba, kuma likita ya ce gara da ba a yi ba: matse ciki amai yake jawowa, aman kuma yana iya komawa huhu.

An riƙe ta awa 6. Aka maƙala mata na'urar auna iskar jini a yatsan ƙafa, ana sauraren ƙirjinta lokaci-lokaci, don ruwan da ya shiga huhu yana iya kawo wahalar numfashi bayan 'yan awoyi ko da yaro ya fara wasa. Da yamma aka sallame su, da sharaɗin su dawo nan take in ta fara tari ba ƙaƙƙautawa, ko numfashi da sauri, ko zazzaɓi, ko barcin da ya wuce kima. Ba ɗaya da ya faru.

Wata ma'aikaciyar jinya ta tambayi uban me zai yi da ya ɗago ta ba ta numfashi. Ya yi shiru. Ta gaya masa cewa wanda ya nutse iska ce ta yanke masa, don haka hura masa numfashi ake fara yi, sannan danna ƙirji, kuma abu ne da ake koya da hannu a jikin 'yar tsana. Bayan wata ɗaya su biyun suka je suka koya.

A hanyar komawa gida aka yi 'yar rigima. "Ai na ce maka ga ta nan." "Ni ban ce na karɓa ba." Daga nan ba wanda ya ƙara magana har gida.

Satin da ya biyo baya: gyara na biyu

Washegari uban ya yi abin da ya ba yaronsa dariya: ya durƙusa ya shiga banɗakin da rarrafe. Daga ƙasa ya ga abubuwan da bai taɓa gani a tsaye ba. Wata tsohuwar reza a bayan masai. Hular man goge baki a ƙarƙashin kabad. Igiyar injin aski tana lilo daga kan kantar, daidai inda ɗan ƙaramin hannu zai kama. Sikelin auna nauyi, wanda murfin batirinsa da farce ma ana buɗe shi. Batirin irin mai kama da kwabo ne, wanda in ya maƙale wa yaro a hanyar abinci yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2. Aka fitar da sikelin daga banɗakin a ranar.

Aka kira kafinta. Ya rage gefen ƙofar har ta riƙa shiga ba gardama, ya sa mata sifirin mai janyo ta a hankali har harshen makullin ya faɗa da kansa. An zaɓi mai tafiya a hankali saboda yatsu. Mariƙin ƙofar yana santimita 100 daga ƙasa, yarinyar ko ta yi ɗage ba ta kai ba.

Bokitin ya bar aikin ajiyar ruwa. Jarka biyu masu lita 10, masu ƙaramin baki da murfi mai murɗawa, suka maye gurbinsa. In an yi aiki da bokiti a zubar da ruwan a kife shi. Jiƙa kaya ya koma wani wuri mai ƙofa da makulli. Ruwan baho kuma, uwar ta koyi tuntsurar da shi da ƙafa tana rungume da yarinyar a tawul, maimakon ta ce bari in shirya ta in dawo.

Kabad ɗin ƙasa ba a sake saya masa makulli ba. An kwashe duk abin da ke ciki zuwa wata kabad mai kwaɗo a sama, a wajen banɗakin, aka bar tawul da takardar masai kawai. Wurin kwasar ne aka ga an ɗura bilic a gorar ruwan sha, ba rubutu ba alama. A nan ne kuma ƙanwata ta faɗi cewa takan haɗa bilic da maganin wanke masai don masan ya fi fari. Da yawa daga cikin magungunan wanke masai suna da asid, haɗa su da bilic kuwa yana tayar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu. Ta ce ashe shi ya sa take fitowa tana tari duk ranar wanke banɗaki.

Suka kuma yi wata yarjejeniya tsakaninsu. Wanda zai bar yarinya sai ya faɗa, kuma ba zai gusa ba sai ya ji ɗayan ya ce "na karɓa" da baki. Ɗaga hannu ko gyaɗa kai ba ya cikin lissafi.

Wata 15: ruwan zafi

Wata uku ba abin da ya faru. Na gaba kuma a gaban idon uwar ya faru, lokacin wanka. Yarinyar ta miƙe a cikin baho ta dafa hannun famfo, ya ɗaga ya karkata hagu. Ruwan ya zubo mata a bayan hannu. Kafin uwar ta janye ta, wuri kamar faɗin kwabo ya yi ja, daga baya ya ɗuri ruwa. Ta riƙe hannun a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu minti 20, yarinyar tana tsala ihu, agogo a gabanta don ta san in ba haka ba minti 3 za ta yi ta ce ya isa. Ba ta shafa man goge baki ko ƙanƙara ba. An duba wurin a asibiti, ya warke cikin kwana 10 ba tabo.

Da aka auna ruwan famfon, digiri 63 ne a ma'aunin Selsiyos. Fatar ƙaramin yaro ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba. Ruwa mai digiri 60 yana iya yi mata mummunar ƙuna cikin sakan ɗaya zuwa 'yan sakan, alhali mai digiri 49 sai ya ɗauki mintuna. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka take ba da shawarar kada ruwan famfon gida ya wuce digiri 49. Ruwan wankan jariri kuwa 37 zuwa 38 ya dace.

Uban ya so ya rage hitar kawai. Mai gyaran famfo ya hana: ruwan da ke kwance a tanki yana ɗumi-ɗumi wuri ne da ƙwayar cutar Lejiyonela take hayayyafa, mai kawo ciwon huhu, don haka ake son tankin ya zauna a wajen digiri 60. Abin da ya yi shi ne ya sa wani bawul a bututun da ke fita daga hitar, mai gauraya ruwan zafin da na sanyi kafin ya iso famfo. Aka saita shi a 45. Uwar ta canja tsarin wanka: ruwan sanyi ake fara zubawa, a bi da na zafi, a gwada da gwiwar hannu, kuma bahon ya koma can ɗaya gefen inda hannun yarinyar ba zai kai famfo ba. Tunda an taɓa maganar, aka sa mai gyaran wuta ya duba ko layin banɗakin yana da na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta fara bi ta jikin mutum. Akwai, kuma tana aiki. Injin aski duk da haka ya koma ɗaki.

Wata 18 zuwa 20: hawa

Tana wata 18 ta gano cewa in ta yi ɗage ta rataya a mariƙin ƙofa, yana sauka. Aka canja shi da mai dunƙule wanda sai an murɗa, abin da yawancin yara ba sa iyawa sai wajen shekara 2.

Tana wata 20 kakarta ta wajen uba ta zo kwana goma. Sifirin ƙofar ya dame ta: yana tura ta in za ta fita da sandarta, kuma a ganinta banɗakin da ba ya shan iska ba zai bushe ba. Sai ta riƙa tokare ƙofar da takalmin roba. A rana ta huɗu aka ji ƙarar wani abu ya watse a tayil. Yarinyar tana tsaye a kan 'yar kujerar da yayanta yake takawa in zai goge baki, a hannunta akwatin maganin kaka, irin mai ɗakuna bakwai na kwanakin mako, wanda aka bari a gefen wurin wanke hannu. Ƙwayoyin sun warwatsu a ƙasa.

Uwar ta fara duba bakin yarinyar, ba komai. Sannan suka durƙusa su biyu suna tsinta suna ƙirgawa. Kaka tana shan biyu kullum, saura na kwana huɗu, ya kamata a samu 8. An samu 7. Minti biyar aka yi ana lalube kafin a ga ta takwas a ƙarƙashin tabarmar roba, a bushe. Da ba a gan ta ba asibiti za a nufa ba jira, don maganin hawan jini ne, kuma a cikin irin waɗannan magunguna da na ciwon sukari akwai waɗanda ƙwaya ɗaya tak tana iya jefa yaro mai kilo 11 cikin haɗari.

Kaka ta ji nauyi, nauyin kuma ya fito a matsayin faɗa. "Ni da na raini biyar ba sifirin ba komai, ga su nan da ransu." Ɗanta bai ja da ita ba. Ya ce, "Mama, ba laifinki ba ne, mu ne ba mu gaya miki dalilin ƙofar ba." Ya ba ta labarin bokitin, wanda suka ɓoye mata don kada hankalinta ya tashi. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Da kanta ta cire takalmin.

Aka sassauta ƙarfin sifirin, aka gyara 'yar tagar sama ta riƙa buɗewa don iska. Kujerar yaron ta koma kan ƙugiya a bango. Kantar magunguna mai santimita 130, wadda da ake ganin ta yi nisa, an auna an ga daga kujera zuwa murfin masai zuwa wurin wanke hannu hawa uku ne kacal. Aka kwashe komai zuwa akwati mai makulli. A ciki har da ragowar ƙwayoyin ƙarin jini na lokacin goyon ciki, masu sinadarin ƙarfe, waɗanda suke kama da alewa kuma suna cikin magungunan da suka fi yi wa yara illa. Uban ya ce ai murfinsu mai wuyar buɗewa ne. Irin wannan murfi jinkiri kawai yake kawowa. A ƙa'idar gwajin da Amurka take bi tun bayan dokarta ta 1970, murfi ya ci jarrabawa in yara 85 cikin 100 sun kasa buɗe shi cikin minti 5. Sauran 15 ɗin suna nan.

Wata 24 zuwa 26: koyon fo

Yanzu kuma ana son ta saba da wurin da aka shekara ana hana ta. Aka fara ajiye fo a wajen ƙofar, daga baya aka shigar da shi ciki, tana shiga tare da babba. Tana wata 25 ta iya murɗa mariƙin. Aka sa ƙugiya a waje, santimita 140 daga ƙasa, inda yayanta yake kaiwa da ɗage. Ana mantawa da ita kamar yadda aka manta da makullin masai, ƙila sau ɗaya cikin uku.

A sati na biyu ta shiga ita kaɗai ta tura sakatar ciki, ta kasa zarewa. Minti 11 tana ciki, uwar tana lallashinta ta ƙarƙashin ƙofa, uban yana kwance sukurorin da sukundireba. Da aka buɗe, tana zaune ta warware takardar masai gaba ɗaya, ta tura rabi a masai. Aka mayar da sakatar sama, santimita 150. A nan aka tsayar da bin lamarin.

Abin da lamarin ya nuna

Waɗannan mintuna 11 su ne gwaji mafi tsanani da gyaran ya fuskanta, ba tare da kowa ya shirya shi ba. Yarinya ita kaɗai, ƙofa a kulle, ba mai iya kai mata hannu. Da a wata na 11 ne, tana tare da bokiti cike da ruwa, bilic a gorar ruwan sha, reza, da famfo mai digiri 63. A wata na 25 abin da ta samu tawul ne da takarda. Ruwan masai ne kaɗai haɗarin da ya rage a ɗakin, kuma a ganina wannan giɓi ne na gaske: makullin murfin da aka yi watsi da shi ya kamata a nemi wani wanda yaron zai iya buɗewa, ba a haƙura ba.

In aka jera matakan, waɗanda suka faɗi duk abu ɗaya ya haɗa su, wato suna buƙatar wani ya tuna, kullum, sau goma a rana, har da yaro mai shekara 5 da baƙuwar da ba a yi wa bayani ba. Dokar rufe ƙofa, kulle masai da safe, ƙugiyar waje, duk haka suke. Waɗanda suka tsaya kuwa sau ɗaya aka yi su aka gama: jarka a madadin bokiti, kabad da aka kwashe, bawul a bututu. Sifirin ƙofa yana tsakiya. Ya yi aiki wata takwas ba fashi, takalmi ɗaya ya kashe shi, don ya takura wa wadda take amfani da shi kuma ba a gaya mata amfaninsa ba. Ɓoye wa kaka labarin bokiti kuskure ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma kuskuren lokaci. Kowane gyara an yi shi ne bayan yarinyar ta nuna sabuwar iyawa, alhali jerin iyawar sananne ne: rarrafe, miƙewa, tafiya, hawa, murɗa mariƙi. Tun ranar burushin masai ana iya zama a lissafa abin da za ta kai bayan wata uku. Kuɗin kafinta da jarka biyu bai wuce na makullan robar da aka fara saya da nisa ba, kuma da su aka fara da ranar Asabar ɗin nan ba ta zo yadda ta zo ba.

Lokacin wanka shi ne inda ba wani kayan aiki da ya ɗauke wa mutum nauyi. Ƙunar wata na 15 ta faru uwar tana tsugune a wurin, kuma kasancewarta a wurin ne ya sa ƙunar ta tsaya a faɗin kwabo. Har yau ƙa'idarta ita ce hannunta ya iya kaiwa ga yarinyar muddin akwai ruwa a baho. In an buga ƙofa, a naɗe ta a tawul a tafi da ita. Yayanta ba a barin masa ita ko na minti ɗaya, duk da yana nacin shi babba ne. Waya ce har yanzu ake fama da ita. Ƙanwata ta ce sau biyu ta kama kanta tana duba saƙo a bakin baho, don haka yanzu a kicin take barin wayar kafin ta tara ruwa.

Maganar "na karɓa" ita ma tunawa take buƙata, amma ta ɗore, ƙila don su biyun ba wanda ya manta tafiyar nan daga asibiti. Ƙanwata tana da ciki wata biyar yanzu. Mijinta ya riga ya kira kafinta ya duba sifirin, ya ce wannan karon yarinyar ce za ta riƙa fitowa a guje tana cewa ta rufe.